Man Shanu Na Gida Ko Na Kanti: Wanne Ya Dace Da Wanda Likita Ya Dakatar Wa Da Nono?

A ƙasar Adar, tun daga Tamaske da Keita har Buza da Madawa, nono da man shanu abincinmu ne na gado. Da nono muke dama fura. Da man shanu muke gyara tuwo da shinkafa da wake, kuma da shi ake karrama baƙo da mai jego. Shanun Azawak, waɗanda suka yi suna wajen ba da nono, a jiharmu ta Tawa suke da yawa.

Amma akwai mutanen da nono ba ya karɓar su. Wani in ya sha madara sai cikinsa ya kumbura, ya yi ta ƙugi, zawo ya biyo baya. Wani yaro kuma ƙuraje ne ke feso masa, ko ya yi ta amai. Idan aka je gidan likita, aka duba ba tsutsar ciki ba ce, ba atini ba ne, ba kuma ruwa marar tsabta ba, sai ma'aikacin lafiya ya ce a dakatar da nono da duk abin da aka yi da shi na wani lokaci, a ga yadda jiki zai yi. Nan take uwar gida za ta tambaya: to, man shanu fa? In an yarda a ci, wanne za a ci, wanda aka soya a gida ko na gwangwani da ake sayarwa a kanti? Wannan tambaya ce za mu amsa a yau.

Mene ne gwajin dakatar da abinci?

Hanya ce ta gano abincin da ke cutar da mutum. Ba magani ba ce, bincike ne. Ana barin abincin da ake zargi gaba ɗaya, na tsawon sati 2 zuwa 4. Idan ciwon ya lafa, sai a dawo da abincin kaɗan kaɗan. Idan ciwon ya dawo tare da shi, an kama ɓarawo. Idan kuwa an bar abincin amma ciwon bai tafi ba, to ba shi ne mai laifi ba, sai a nemi dalili a wani wuri.

Gwajin yana da sharaɗi guda mai nauyi. Dole ne a san duk abin da ke shiga tukunya. Cokali ɗaya na abin da ba a sani ba yana iya ɓata wahalar wata guda. Sai mutum ya zargi abincin da bai yi masa komai ba, ya haramta wa kansa shi shekara da shekaru a banza.

Ciwo biyu ne, ba ɗaya ba

Kama da wane ba ta wane. Rashin jituwa da nono iri biyu ne, kuma kowane da hukuncinsa game da man shanu.

Na farko shi ne kasa narkar da sukarin nono. Kowace madara tana da wani sukari a cikinta, wanda likitoci ke kira laktos. A lita ɗaya ta madarar saniya akwai kusan giram 45 zuwa 50 na wannan sukari. Hanjin jariri yana narkar da shi sarai. Amma da yawa daga cikin mutane, in sun girma, wannan ƙarfi yana raguwa. Kusan kashi biyu cikin uku na manyan mutanen duniya haka suke. A shekarar 1971, wani bincike da likitoci suka yi a Najeriya ya nuna cewa yawancin Fulani makiyaya suna narkar da wannan sukari har tsufansu, alhali yawancin Hausawan birni da Yarabawa ba sa iyawa sosai. Alamun wannan matsala su ne kumburin ciki, iska, murɗa da zawo. Tana da takura, amma ba ta kisa. Masu ita da yawa ma suna iya shan kofi ɗaya na nono ba tare da damuwa ba, musamman in ya yi tsami.

Na biyu shi ne jiki ya ƙi sinadarin gina jiki da ke cikin madara, ya ɗauke shi kamar abokin gaba. Wannan ya fi kama ƙananan yara. Cikin jarirai 100 akan sami kamar 2 ko 3 masu shi, kuma yawancinsu suna rabuwa da shi in sun tasa. Alamunsa su ne borin jini, ƙaiƙayi, amai, jini a cikin kashi, kumburin leɓe ko fuska, wani lokaci har da sarƙewar numfashi. Wannan ciwo yana iya zama haɗari ga rai, kuma ɗan abu kaɗan ya isa ya tayar da shi.

Me ke cikin man shanu?

Ɗanyen man shanu, irin wanda matan Fulani ke kaɗawa su kawo kasuwa a dunƙule cikin ƙwarya, ba mai ba ne zalla. A cikin kashi 100, kusan kashi 80 ne mai. Sauran ruwa ne da ragowar nono. A cikin wannan ragowa ne sukarin nono da sinadarin gina jiki suke ɓoye.

Idan aka soya shi, ruwan ya ƙone, ragowar nonon ta taso ta zama kumfa, sauran ta kwanta a gindin tukunya. In aka tace da kyau, abin da ya rage mai ne kusan zalla. Ƙa'idar abinci ta duniya ta ce soyayyen man shanu na gaskiya, wanda mutanen Indiya ke kira gi, ya zama kashi 99 da ɗoriya cikin 100 man madara ne.

Ga abin da wannan ke nufi. Ga mai kasa narkar da sukarin nono, soyayyen man shanu da aka tace da kyau ba ya damunsa, don sukarin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Amma ga wanda jikinsa ke ƙin sinadarin madara, babu tacewar da ke fitar da shi ƙarƙaf. Na gida da na kanti duka haramtattu ne a gare shi har sai likita ya ba da izini. Shi sai a yi masa girki da man gyaɗa, man riɗi ko man ja, in dai su ma ba sa cikin abin da ake zargi. Idan ba a riga an san ko wane ciwo ne daga cikin biyun ba, a bar man shanu kowane iri a makonnin farko na gwaji.

Na kanti da na kasuwa

Gwangwanin kanti yana da kyan gani, a rufe yake, ƙura ba ta shiga. Amma ba duk mai launin rawaya ne man shanu ba. Yawancin abin da ake shafa wa burodi a garuruwanmu margarin ne. Da man itatuwa ake yin sa, kamar na kwakwar manja, kuma sau da yawa ana zuba masa garin madara don ɗanɗano. Ke nan mai gudun nono yana iya cin nono bai sani ba. Akwai kuma wani mai da ake daskarar da shi a masana'anta don ya yi kama da man shanu. Wasu irinsa suna ɗauke da kitsen da ke toshe hanyoyin jini na zuciya. Tun shekarar 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kira ga ƙasashe da su kawar da irin wannan kitse daga abinci.

A nan ne karatu ke da rana. Kafin a biya kuɗi, a juya gwangwani a karanta jerin abubuwan da ke ciki. In da Faransanci aka rubuta, kalmar lait tana nufin madara, beurre man shanu, huile végétale kuwa man itatuwa. Kayan da ke shigowa daga Najeriya ta Ƙonni da Ingilishi ake rubuta su, a can kalmar madara ita ce milk. Man shanu na gaskiya abu ɗaya tak ake rubuta masa, wato man madara. In jerin ya yi tsawo, a mayar da gwangwanin wurinsa. A duba kuma ranar da zai lalace. Gwangwanin da ya kumbura ko ya yi tsatsa, a bar shi.

Sai kuma soyayyen man shanu da ake sayarwa a kwalba a kasuwa. Akwai masu gaskiya da yawa a cikin masu wannan sana'a. Amma kwalba ba ta da rubutu. Ba mu san yadda aka soya shi ba, ba mu san ko an tace shi sosai ba, kuma wasu sukan ƙara masa margarin ko wani mai don ya yi auki. A ranakun lafiya wannan asarar kuɗi ce kawai. A lokacin gwaji kuwa cinikin biri a sama ne.

Shawararmu

Ga wanda likita ya yarda ya ci man shanu, wanda aka soya a gida ya fi dacewa. Dalili shi ne idonmu ya ga abin da ya shiga tukunya da abin da ya fita. Na gwangwani yana biye, in har rubutunsa ya nuna man madara ne zalla. Na kwalbar kasuwa a jira sai an ƙare gwaji.

A sayi ɗanyen mai wurin wadda aka sani, aka yarda da ita. Daga tsakiyar damina zuwa kaka ne nono ke yawa, lokacin ne kuma mai ya fi samuwa. Kada a yi mamakin tsadarsa. Sai an kaɗa nono lita 20 ko fiye kafin a sami kilo ɗaya na mai, kuma kilo ɗaya in an soya ba ya wuce giram 750 zuwa 800. Man da aka sayar da araha ƙwarai, a yi masa tambaya.

Yadda ake soya shi don gwaji

1. A wanke ɗanyen man da ruwan sanyi mai tsabta, sau biyu ko uku, har ruwan ya daina fari.

2. A zuba shi a tukunya mai kauri, wadda aka wanke ta bushe. A sa wuta kaɗan. Garwashi ya fi harshen wuta.

3. Kumfa za ta taso. A kwashe ta da cokali a ajiye gefe. Kada a rufe tukunya, don tururi ya fita.

4. A jira har ƙarar tafasa ta tsaya, man ya yi garau ana hango gindin tukunya, ɓarɓashin da ya kwanta ya yi ja kaɗan. Ga kilo ɗaya, wannan yakan ɗauki minti 20 zuwa 30. Kada a bari ya ƙone.

5. A sauke, a bari ya huce kaɗan. A tace da farin ƙyalle mai tsabta da aka ninka huɗu. Kada a matse ƙyallen, kada kuma a kankare gindin tukunya.

6. A zuba a kwalba busasshiya mai murfi, a ajiye a inuwa. A riƙa ɗiba da cokali busasshe. In ruwa bai shiga ba, yana yin watanni.

Mun san al'adarmu ce a yanka albasa a cikin mai lokacin suya don ƙamshi, balle a Tamaske inda albasa take a bakin ƙofa. Amma a lokacin gwaji kada a sa albasa, ko citta, ko garin hatsi. Ita kanta albasa tana kumbura wa wasu ciki, sai a rasa gane mai laifi tsakaninta da mai. Kumfa da ɓarɓashin da aka fitar kuwa, sauran mutanen gida su ci, ban da mai gwaji.

Suya tana da wani amfani kuma. Zafin wuta yana kashe ƙwayoyin cutar da ke bin ɗanyen nono daga dabba zuwa mutum, irin su tarin fuka na shanu da cutar da ke sa dabbobi ɓari, wadda ke sa wa mutum zazzaɓi mai tafiya yana dawowa.

A riƙa rubutawa

Kai yana mantuwa, takarda ba ta yi. A samu ɗan littafi. Kowace rana a rubuta kwanan wata, abin da aka ci, da abin da aka ji a jiki. Idan lokacin dawo da abinci ya yi, a bi shi ɗaya bayan ɗaya. A fara da ƙaramin cokali na soyayyen mai, a jira kwana 3. In lafiya lau, a gwada cuku ko nono mai tsami, a sake jira kwana 3. Madara ce ta ƙarshe. Ranar komawa gidan likita a tafi da littafin. Zai yi wa ma'aikacin lafiya bayanin da baki ba zai iya ba.

Gargaɗi ga iyaye

Jaririn da bai kai wata 6 ba, nonon uwa kaɗai ya ishe shi. Kada a lasa masa man shanu, ɗanye ko soyayye. Kada kuma uwa ta yaye ɗanta don ana zargin madarar saniya, nononta shi ne garkuwarsa.

Kada a hana yaro nono da ra'ayin kai, ko don maganar maƙwabta. Yaron da aka cire wa nono ba a maye masa da wake, ƙwai, kifi ko nama ba, yana iya faɗawa cikin tamowa. Abincin tamowa na cikin leda da ake bayarwa a gidan likita yana da madara da gyaɗa a ciki. Yaron da ke shan sa kada a tsayar masa sai an sanar da ma'aikacin lafiya.

Wanda ya taɓa yin kumburin leɓe ko sarƙewar numfashi bayan shan nono, kada a sake gwada masa komai a gida, ko da ɗigon mai ne. In hakan ta faru, a garzaya da shi gidan likita mafi kusa, ko asibitin Keita, Buza, Madawa ko Tawa, dare ne ko rana.

Ƴan uwa manoma da makiyaya, man shanu arzikinmu ne, ba abin gudu ba. Mu fara sanin ko wane ciwo ne daga bakin likita. Bayan haka mu soya namu da hannunmu, mu tace shi da kyau, mu karanta gwangwani kafin mu saya. Wanda ya karanta wannan shafi, ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah ya ƙara mana lafiya, ya sa albarka a garkenmu.