Sabon Ƙugu: Mutum-mutumi Ya Shiga Ɗakin Fiɗa

Da wuya a sami unguwar da babu mai fama da ciwon ƙugu. Mun san tsohuwar da ta bar zuwa kasuwa domin ba ta iya taku ashirin sai ta tsaya. Mun kuma san saurayi mai sikila, bai kai shekara talatin ba amma yana dogara sanda, takalmi ma sai an sa masa. In abin ya yi tsanani, likita yakan ce sai an sake gaɓar ɗungum. Yanzu kuma ga labari yana yawo cewa a Indiya da Turai mutum-mutumi ne ke yin aikin, har waɗansu iyalai suna shawarar sayar da gona su kai majinyacinsu can. To, kafin a sa gona a kasuwa, ya kamata mu san ainihin abin da injin nan yake yi.

Yadda gaɓar take lalacewa

Kan ƙashin cinya mulmulalle ne kamar lemo, yana zaune cikin wani gurbi mai kama da ƙoƙo a jikin ƙashin kwankwaso. Guringuntsi mai santsi ya lulluɓe su duka biyu, shi ya sa muke tafiya da tsugunawa ba mu jin kome. Da shekaru suka yi nisa guringuntsin yakan cinye, sai ƙashi ya riƙa gugar ƙashi kamar taɓarya cikin turmin da ba hatsi.

A ƙasarmu akwai wani babban dalili kuma, watau sikila. Jinin mai sikila yakan toshe ƙananan hanyoyin jini masu ciyar da kan ƙashin, sai wurin ya mutu ya lotsa. Nijeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu cutar, an ƙiyasta ana haihuwar jarirai wajen 150,000 da ita kowace shekara. Yawan shan giya yakan kashe kan ƙashin haka nan, da daɗewa ana shan ƙwayoyi irin su dexamethasone ba da iznin likita ba. Tsofaffi kuwa, faɗuwa ɗaya a makewayi tana iya karya wuyan ƙashin.

Aikin likita Charnley

Wanda ya daidaita wannan fiɗa wani likita ne Bature, John Charnley, a asibitin Wrightington a Ingila, cikin 1962. Har yau a kan tubalinsa ake gini. Likita yakan yanke ruɓaɓɓen kan ƙashin, ya kankare gurbin ya sa sabon ƙoƙo mai rufin roba mai ƙarfi. Sa'an nan ya cusa sandar ƙarfe cikin ramin ɓargon cinya, ya ɗora mata ƙwallo na ƙarfe ko na tangaran. Aikin yakan ci awa ɗaya zuwa biyu. Mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2019 cewa cikin kowace gaɓa 100 da aka sa, wajen 58 suna kai shekara 25 ba a sake su ba. Wannan lissafi kuwa na aikin hannun likita ne.

Wuyar aikin ita ce awo. In ƙoƙon ya karkace fiye da kima, ƙwallon yana iya gocewa ya fita, ko robar ta yi saurin cinyewa. In ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, mutum ya shiga ɗingishi ke nan. Nan ne aka nemi taimakon inji.

Shigowar inji

Na farko sunansa Robodoc. Wani likitan ƙashi, William Bargar, da wani likitan dabbobi, Howard Paul, su suka ƙirƙiro shi tare da kamfanin IBM. A kan karnuka aka fara gwada shi, sa'an nan a 1992 aka yi wa mutum na farko a birnin Sacramento na Amurka. Shi da kansa yake fafe ramin ƙashin cinya. Jamus ta karɓe shi daga 1994, amma daga baya waɗansu majinyata suka kai ƙara cewa an ɓata musu tsoka sun koma ɗingishi, har asibitocin can suka ajiye shi. Sabon abu ba kullum yake zuwa da alheri tsantsa ba.

Wanda ya fi yaɗuwa yau shi ne Mako, wanda kamfanin Stryker ya saya a 2013 kan dala biliyan 1.65. Ga yadda yake aiki. Kafin ranar fiɗa za a ɗauki hoton ƙugun da na'urar CT, kwamfuta ta zana siffar ƙashin mutumin daidai yadda yake. A kan wannan zane likita zai zaɓi girman ƙoƙon da mazauninsa. A ɗakin fiɗa akan kafa waɗansu alamu a jikin ƙashin domin kyamara ta riƙa bin motsinsa. Likita ne ke riƙe da hannun injin yana kankarewa, in ya doshi wajen iyakar da aka shata, sai hannun ya cije ya ƙi gaba. Ashe dai ba injin ne ke yi wa mutum fiɗa ba. Matsayinsa kamar na igiyar awo ne a hannun magini: tana miƙe bango, amma ba ta mai da ɗan koyo gwani.

A auna riba da tsada

Bincike ya nuna injin yana taimakawa a sa ƙoƙon daidai inda aka nufa. Amma da aka gwada waɗanda aka yi wa da inji da waɗanda gwanin likita ya yi wa da hannu, bambancin sauƙin ciwo da iya tafiya kaɗan ne. Ga kuma ƙarin kuɗi, da ƙarin lokaci a kan gadon fiɗa. Wanda ya je waje, in miki ya ruɓa bayan ya komo, likitansa yana bayan teku. A nan gida kuwa ana sake ƙugu a Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, da na Igbobi a Legas, da na Enugu, da waɗansu asibitocin koyarwa.

Saboda haka tambayar da ta fi muhimmanci ba ta inji ba ce. A tambayi likita sau nawa yake yin wannan aiki a shekara, wace irin gaɓa zai sa, wa zai duba majinyaci bayan an sallame shi. In mai sikila ne, a tambaya wane shiri aka yi game da ƙarin jini.

Aikin mutanen gida

Akan tashi majinyaci ya taka ran da aka yi aikin ko kashegari, da abin dogarawa. Daga nan sauran aiki namu ne. A makonnin farko a nema masa kujera mai tudu da gado, a ɗaga masa mazaunin bayan gida, gama likitoci da yawa sukan hana tsugunno da zaman tabarma da harɗe ƙafa har sai nama ya kama. A tsaya masa ya yi motsa jikin da aka koya masa kullum. In aka ga zazzaɓi, ko ruwa yana fita daga mikin, ko sha-raɓa ta kumbura tana zafi, ko numfashi yana yi masa wuya, a koma asibiti nan da nan.

Mu kuma kula da abu biyu tun da wuri. Mai ciwon ƙugu ko matsematsi wanda ya ƙi tafiya, musamman yaro mai sikila, a kai shi a ɗauki hoto, kada a ɓata watanni wurin mai ɗori, domin ƙashin da ya mutu ba ya ɗoruwa. Samari da 'yan mata kuma su gwada jini kafin a yi maganar aure. Rigakafi ya fi magani, ya kuma fi shi araha nesa ba kusa ba.