Sassaƙa Ƙaramin Jirgin Tsere

Mu mutanen Birnin Malam da sauran ƙasar Jega ba baƙin jirgin ruwa ba ne, gama mun saba ganin kwalekwalen Sarkawa a Gulbin Zamfara. Amma jirgin da iska ke turawa ba mu da shi, saboda haka in malami ya ambace shi a darasin labarin ƙasa, yara sukan ce "to" kawai, ba su gane ba. Maganin wannan shi ne a sassaƙa musu ƙaraminsa.

Wanda muka zaɓa sunansa America. A 1851 ya ƙetara teku daga Amurka, ya tsere wa jiragen Ingila 14 wajen kewaya tsibirin Wight, ya ci kofin azurfa wanda bai bar hannun Amurkawa ba sai 1983. Tsawonsa wajen ƙafa 101, faɗinsa kusan ƙafa 23. In aka sa rabin inci ya tsaya a madadin ƙafa guda, watau an rage shi sau 24, namu zai zama inci 50 da rabi, faɗinsa inci 11 da rabi. Kada malami ya yi wannan lissafi da kansa. Aikin 'yan aji ne.

Masassaƙinmu yakan fafe gungume ɗaya da gizago, idonsa ne ma'auninsa. Nan kuwa ido bai isa ba. Akan sami katakai busassu masu kaurin inci guda, a zana wa kowane siffar jirgin daidai bisansa, a yanke da zarto, a fafe tsakiyarsa, kāna a jera su bisa juna a manne. Sai ka ga abin kamar matakala. Sa'an nan a bi matakan a shafe su sannu sannu, ana gwadawa da kwali. Maɗaci ya fi ƙarko, amma rimi ya fi taushi ga hannun yaro. Ɗanyen itace kuwa a guje shi, don yana tsagewa da hunturu. Jigo biyu na gora, filafilai na alawayyo, fenti shafi uku.

To, ga inda aikin yake da wuya. Mutum ya zaci in an rage kome sau 24 shi ke nan, jirgi zai tafi kamar uwarsa. Ina! Filafilai shimfiɗa ne, tsawo da faɗi, sun ragu sau 24 sau 24, watau 576. Nauyin jirgi kuwa ya haɗa da zurfi, ya ragu sau 13,824. Iskar Allah fa ba a rage ta ba. Don haka iskar da babban jirgi zai yi wasa da ita, ita ce za ta kifar da ƙaramin nan da nan. Dabara ita ce a fafe cikin sosai har ya yi sakayau, a mai da nauyin da aka cire ya zama darma, a rataya ta can ƙarƙashin jirgin bisa farantin ƙarfe. Ya saɓa wa kamannin na asali kaɗan, amma a ganinmu gara haka da jirgin da ba ya iya tashi daga kan tebur.

Ranar gwaji a nemi tafki marar zurfi, a ɗaura wa jirgin igiya doguwa, a kuma hana ƙananan yara shiga ruwa bayansa.