Yadda Ƙashi Ke Tsirowa a Cikin Uwa

Shirinmu na yau zai duba yadda ƙashin ɗan Adam ke samuwa tun yana cikin mahaifa, da abin da ke sa a haifi wasu yara da nakasa a baya ko a ƙafa.

Jariri yakan zo duniya da ƙasusuwa kusan 300, amma baligi 206 gare shi, domin wasu suna haɗewa yayin da yaro ke girma. Yawancinsu guringuntsi ne da fari, sannan su riƙa taurara sannu a hankali. Ƙashin kai ma bai gama haɗuwa ba ranar haihuwa, shi ya sa ake ganin maɗiga tana bugawa. Wannan sassaucin ne ke ba kai damar wucewa lokacin naƙuda, ya kuma bar wa ƙwaƙwalwa wurin girma, har maɗigar ta rufe wajen shekara ɗaya da rabi zuwa biyu.

To amma fasalin jikin gaba ɗaya, tun a makonni takwas na farko ake fitar da shi. A mako na huɗu da shigar ciki, ɗan tayi bai fi ƙwayar shinkafa ba, amma har wuraren hannaye sun fara ɓullowa, ƙafafu na biye. Tafin hannu a haɗe yake da farko, daga baya naman da ke tsakanin yatsu ya zube, kafin ƙarshen mako na takwas kowane yatsa ya tsaya da kansa. Idan rabuwar ba ta kammala ba, sai a haifi yaro da yatsu a manne. Idan kuma ta wuce ƙa'ida, sai a samu cindo, wanda ya fi yawa a tsakanin baƙar fata, kuma galibi gado ne da ba ya cutarwa.

Masu sauraro, ku riƙe lissafin kwanakin nan. Jijiyar laka tana farawa ne a buɗe, sai ta naɗe ta rufe zuwa kwana na 28 da shigar ciki, wato kamar mako biyu da ɓatan wata. Mace da yawa a lokacin ba ta ma tabbatar tana da juna biyu ba, balle ta je awo. Idan rufewar ba ta cika ba, ƙashin baya ba zai kewaye lakar ba, sai a haifi jariri da ƙullutu a gadon baya, wani lokaci da shanyewar ƙafafu, ko rashin riƙe fitsari, ko taruwar ruwa a kai. Likitoci na kiran wannan sifaina bifida. Jaririn da aka haifa haka yana bukatar asibiti a ranar, kuma kada a bari wanzami ko wani ya tsaga ƙullutun, domin laka ce a ciki.

Abin da ya fi damuna a nan shi ne, rigakafin yana nan kuma ba shi da tsada. A 1991 wani babban bincike da aka jagoranta daga Birtaniya ya nuna cewa folik asid na rage maimaituwar wannan nakasa da kimanin kashi 70 cikin 100. Ita ce 'yar ƙwayar nan da ake bayarwa wajen awo. Sai dai a wurinmu mace kan fara awo ne a wata na huɗu ko na biyar, lokacin da lakar ta daɗe da yin yadda za ta yi. Shawarar masana ita ce mace mai shirin ɗaukar ciki ta fara shan maikirogiram 400 kullum tun kafin cikin ya shiga. A ganina, amarya ce ya kamata a fara gaya wa wannan, tare da angonta. Wadda ta taɓa haihuwar irin wannan jariri, da mai ciwon suga, da mai shan maganin farfaɗiya, su ga likita kafin ciki, kuma kada mai farfaɗiya ta bar maganinta da kanta.

Duniya ta ga illar shan magani barkatai a farkon ciki. A 1957 kamfanin Grünenthal na Jamus ta Yamma ya fitar da thalidomide, mata suka riƙa sha don barci da laulayi. Kafin a janye shi a 1961, an haifi jarirai fiye da 10,000 da nakasa a ƙasashe daban-daban, da yawansu hannaye ko ƙafafu guntaye. A Amurka wata jami'a, Frances Kelsey, ta ƙi amincewa a sayar da shi. Duk ɓarnar tana faruwa ne tsakanin kwana na 20 da na 36 da shigar ciki. Don haka mai laulayi kada ta aika kemis a haɗo mata magani, kada kuma ta sha jiƙon da ba ta san abin da ke ciki ba.

Sai murɗaɗɗiyar ƙafa, wadda ake samu a wajen jariri ɗaya cikin dubu, maza sun fi yawa. Tafin ƙafar yakan karkata ciki ya kalli ƙasa. A mafi yawan lokuta ba a san sanadin ba, saboda haka zargin uwa da cewa ta tsallaka wani abu ko ta yi wankan dare zalunci ne a kan baiwar Allah da ke cikin jego da damuwa. Kuma wannan ba karaya ba ce, ɗori ba ya gyara ta.

Wani likita haifaffen Sifaniya, Ignacio Ponseti, da ya yi aiki a Jami'ar Iowa ta Amurka, shi ya fito da hanyar da ake bi yanzu. Ƙafar jariri guringuntsi ce mai laushi, sai a riƙa miƙar da ita da hannu kaɗan-kaɗan, a sa mata siminti, a sauya duk mako, sau biyar zuwa takwas. Yawanci akan ɗan yanki agara, ta sake haɗewa da tsawonta. Daga nan yaro zai sa takalma masu sanda a tsakani, awa 23 a rana na wata uku, sannan lokacin barci kawai har ya kai shekara huɗu ko biyar. Fiye da kashi 90 cikin 100 na yaran ƙafarsu na miƙewa, su yi gudu su buga ƙwallo.

Iyaye mata da maza, a nan ake yawan samun cikas. Da an ga ƙafa ta miƙe, yaro kuma yana kuka da dare, sai a cire takalmin don tausayi, ƙafar ta sake komawa. Ku daure, kukan na 'yan kwanakin farko ne. Asibitin Ƙashi na Dala a Kano da asibitocin koyarwa suna wannan aiki, kuma an fi so a fara cikin makonnin farko da haihuwa. Yaron da ya riga ya fara tafiya a kan gefen ƙafa shi ma a kai shi, ana gyarawa, sai dai simintin zai fi yawa, wani lokaci har da tiyata.