A Duba Lambar Inji Kafin A Biya Kuɗi

Idan kaka ta kama, bayan lafiyar jiki ba abin da manomi ya ke bukata kamar abin ɗaukar kaya. A da jaki da takarkari su ke wannan aiki, amma yanzu a ƙauyuka da yawa motar a-kori-kura ta karɓe su. Ita ke kai taki gona da bazara, ita ke kwaso dawa da masara da kaka, ita kuma ke fitar da tumatir da albasa daga fadama zuwa kasuwa da rani. To, mota kuwa ƙarfe ce, wata rana injinta zai buga. Idan ɓarnar ta yi yawa har gangar injin ta tsage, watau abin da makanikai ke kira bulok, ba sauran gyara sai a sauya wani. A nan ne manomi ya kan yi babbar hasara, domin ya kan sayar da shanu ko ya ci bashi ya biya kuɗin inji iri kaza, a ɗora masa wani iri dabam, bai sani ba sai ranar da ya yi lodi ya zo hawan tudu.

Ba kullum ne wannan ke zama ha'inci ba. Sau da yawa kuskure ne, domin dillalin da ya sayar da injin shi ma a haka ya saye shi, makaniken da ya ɗora kuwa bai tsaya dubawa ba. Amma ko ha'inci ko kuskure, hasarar a kan mai mota ta ke. Maganin abin ba shi da wuya, kuma ba sai wanda ya koyi aikin gareji ba. Kowane inji yana da suna da lamba waɗanda aka buga a jikinsa tun daga masana'anta, wanda duk ya iya karanta lambar da ke jikin buhun taki zai iya karanta su.

Injuna masu kama da juna

A ɗauki misali da Toyota Hilux, wadda aka fara ƙerawa a Japan a shekarar 1968, ita ce kuwa a-kori-kurar da ta cika hanyoyin karkara. Cikin tsofaffin injunanta masu shan gas akwai uku da a ke kira 2L, da 3L, da 5L. Ga ido kusan duk ɗaya ne, kamar 'ya'yan ɗaki guda, kowanne silinda huɗu gare shi. Amma cikinsu ya bambanta. Girman cikin inji da awon sisi a ke faɗinsa, sisi 1,000 shi ne lita ɗaya. Na 2L sisi 2,446 ne, na 3L sisi 2,779, na 5L kuwa sisi 2,986. Faɗin ramin fistin na 2L milimita 92 ne, na 3L milimita 96, na 5L milimita 99.5. Wannan bambanci ba mai ganinsa sai an buɗe inji.

Watau wanda ya biya kuɗin 3L aka ɗora masa 2L, an rage masa sisi 333 ke nan, fiye da kashi ɗaya cikin goma na girman injin. Motar za ta tashi lafiya lau, za ta yi gudu a kan kwalta idan ba kaya. Amma ranar da aka ɗora mata buhu 10 na masara aka shiga rairayi, sai ta yi ta nishi, direba ya yi ta sauke giya, inji ya yi zafi. Bayan wannan kuma, duk ranar da aka tashi sayen fistin ko zobensa, za a sayo na 3L bisa ga abin da takarda ta ce, a zo a tarar ba su shiga ba.

Haka abin ya ke ga motocin da suka biyo baya. Injin 2KD sisi 2,494 ne, 1KD kuwa sisi 2,982, su ma sun yi kama ƙwarai. A wajen masu shan fetur, an sake wa injin 22R fasali a 1985, har kan inji na bayan wannan shekara ba ya dacewa da bulok na kafinta, ko da ya ke sunansu ɗaya. Injin 2TR kuma an yi masa gyare-gyare a 2015, saboda haka sabon da tsohon ba su aiki da ƙwaƙwalwar mota iri ɗaya, watau akwatin kwamfutar nan da ke sarrafa mai.

Abin yi kafin a kai mota gareji

Da farko mai mota ya san irin injin da motarsa ta fito da shi. Akwai wani ɗan faranti ko takarda mai danƙo da masana'anta ke maƙalawa, wani lokaci a ɗakin inji, wani lokaci a jikin ginshiƙin ƙofa. A nan a ke rubuta samfurin mota da irin injinta. A Hilux haruffan samfurin kansu suna faɗin dangin injin: LN na injunan L ne, RN na injunan R, KUN na injunan KD, TGN na injunan TR. Misali KUN25 da 2KD ta ke fitowa, KUN26 kuwa da 1KD.

Sa'an nan ya rubuta lambar shasi. A yawancin motocin da aka yi tun daga 1981, haruffa da alƙaluma 17 ne, kuma ba a sa haruffan I da O da Q a ciki don kada a ɗauke su 1 ko 0. Motocin da aka yi don amfani a cikin Japan kaɗai su lambarsu ba ta kai haka tsawo ba. Da wannan lamba mai sayar da kayan gyara zai gane injin da ya dace.

Na uku, ya nemo lambar tsohon injin. Littafin da ke zuwa da mota yana nuna wurin da ta ke. Wani ɗan fili ne mai santsi a jikin bulok, inda aka buga sunan injin, kamar 3L, sa'an nan jerin alƙaluma suka biyo. Galibi baƙin mai da ƙura sun rufe wurin, sai a goge da tsumma da kananzir. A ɗauki hotonsa da waya, ko a ɗora farar takarda a goga fensir a kai har lambar ta fito. Amfanin wannan shi ne, kada a wanke tsohon injin a shafa masa fenti a mayar da shi a ce sabo ne.

Ciniki da takarda

Ko a Ƙofar Ruwa ta Kano za a sayi inji, ko a Panteka ta Kaduna, ko daga Ladipo ta Ikko za a aiko da shi, kada a yi cinikin biri a sama. Inji iri uku ne a kasuwa: akwai sabo fil daga masana'anta, akwai wanda aka buɗe aka sake wa kayan ciki, akwai kuma na hannu wanda aka ciro daga wata mota a ƙasar waje, wanda a ke kira ɗan Baljiyam. Kowanne da kuɗinsa. Lalle a rubuta a rasit ko wane iri ne cikin ukun, da sunan injin, da cikakkiyar lambarsa, da yawan kwanakin gwaji da aka yarda a kai, da abin da za a yi idan bai yi kyau ba. Idan da shaidu biyu ya fi.

Gwamma kuma mai mota ya ga injin a ƙasa kafin a ɗora, domin a sa'an nan ne lambar ta fi saukin gani. Kada ya dogara da rubutun da ke kan murfin inji ko takardar da aka liƙa masa, domin murfi da 'yan ƙusoshi kaɗan a ke cire shi a sa wani. Kada kuma fenti ya ruɗe shi. Shaidar da ba ta sauyawa ita ce wadda aka buga a ƙarfen bulok. Idan aka ga wurin lambar an goge shi da dutsen wuta, ko alƙaluman sun karkace, wasu manya wasu ƙanana, to, a bar wannan inji komai araharsa, domin mai yiwuwa na sata ne.

Wani abin lura kuma, inji ɗaya ya kan shiga motoci dabam dabam. Ana samun 3L da 5L a bas ɗin Hiace kamar yadda a ke samunsu a Hilux. Injin ɗaya ne, amma kaskon baƙin mai na ƙasa, da ƙafafun da ke riƙe inji, da bututun salansa su kan bambanta. Makanike nagari zai ciro waɗannan daga tsohon injin ya mayar a sabon, ba ya kama yanke-yanke da walda ba. Saboda haka tsohon inji dukiyar mai mota ce, kada ya bar shi a gareji sai in an yi cinikinsa a fili an rage masa kuɗi.

Ranar karɓar mota

Kada a je karɓar mota da magariba, kada kuma a cika kuɗi tukuna. A je da safe da rasit a hannu, a buɗe bonet, a gwada lambar da ke jikin bulok da wadda ke rasit, harafi bayan harafi. A gwada ta kuma da hoton tsohuwar lambar, a tabbata sun bambanta. Gani ya kori ji.

In lamba ta yi daidai, saura lafiyar injin. A nemi a tayar da shi yana da sanyi, a gaban mai mota, domin injin da ya gaji ya kan ɓoye aibinsa idan ya ɗumama. A dubi hayaƙi. Shuɗi alamar yana ƙona baƙin mai ne. Fari mai kauri wanda bai ɗauke ba bayan inji ya yi zafi, ko ruwa ne ke shiga silinda, ko gas ne ba ya ƙonewa sosai. Baƙi kuwa mai ne ya yi yawa, ko iska ta yi kaɗan. A zaro sandar awon baƙin mai, idan ya yi fari kamar an zuba madara, ruwa ya gauraya da shi. A buɗe murfin lagireto tun inji yana da sanyi, ba bayan ya yi zafi ba, don gudun ƙuna. Idan kumfa na ta tasowa ba ƙaƙƙautawa, gaskit ya ƙone ko kan injin ya tsage.

Akwai kuma ma'aunin da makanikai ke ɗaurawa a kowace silinda su auna ƙarfin matsinta. Abin da a ke so shi ne huɗun su zo kusa da juna, kuma kada su gaza abin da littafin gyara ya faɗa. Kuɗin wannan awo kaɗan ne a kan kuɗin inji. Idan motar mai ƙwaƙwalwa ce, a dubi fitilun gaban direba: fitilar inji ta kama idan an murɗa makulli, ta mutu idan inji ya tashi. Idan ba ta kama ba sam, a tambaya, domin a kan cire ƙwanta don a ɓoye matsala.

Injunan L da na KD da bel su ke aiki, wanda ke daidaita motsin fistin da bawul. A injunan L a kan sauya shi bayan kilomita 100,000. Inji na hannu ba wanda ya san tafiyar da bel ɗinsa ya yi, in kuwa ya tsinke a hanya fistin zai daki bawul, a koma gidan jiya. Saboda haka a sa sabo tun inji yana ƙasa. Daga ƙarshe a yi wa motar lodi irin wanda ta saba ɗauka, a hau tudu da ita, ido yana kan allurar zafi.

Idan an tarar ba shi ba ne

Idan lambar ba ta yi daidai ba, kada a fitar da mota daga gareji, kada kuma a yi faɗa. A ɗauki hoton lambar, a kira wani makanike dabam ya gani da idonsa, sa'an nan a je wa dillali da rasit. In ya ƙi sauyawa, a kai magana gaban shugabannin ƙungiyar 'yan kasuwar ko ta makanikai, in abin ya gagara a tafi gaban alƙali. Wanda ke riƙe da rasit mai lamba maganarsa gajeriya ce. Wanda ya yi ciniki da baki kuwa, sai rantse-rantse.

In komai ya yi daidai, saura abu ɗaya. Takardun mota suna ɗauke da lambar inji tare da ta shasi, saboda haka lalle a je ofishin lasin da rasit a sanar an sauya inji, a gyara takardu. In ba haka ba, wata rana ma'aikatan duba motoci ko 'yan sanda za su tsayar da ita a hanyar kasuwa, lamba ta saɓa wa takarda, a riƙe mota, tumatir kuwa ba ya jiran shari'a.

Manomin da ke jin injin motarsa ya fara gajiya, gara ya yi wannan aiki tun amfanin gona bai nuna ba, sa'ad da ya ke da sukunin zuwa kasuwa da kansa ya duba. Wanda ya bari sai hatsi na zube a gona, gaggawa za ta sa ya karɓi duk abin da aka miƙo masa. Allah ya ba da kaka mai albarka, amin.