Ciwon Da Ke Ɓuya Idan An Je Gareji: Yadda Ake Gano Raunin Injin Tsohuwar Land Rover

Duk wanda ya riƙe tsohuwar motar daji ya san wannan hali. Mota tana tafiya lafiya lau, sai kawai ka ji ƙarfinta ya zube, ka taka totur har ƙasa amma kamar ana janta ta baya. Ka tsaya a gefe, bayan ɗan lokaci ka tayar, ta tashi garau. Ka kai ta gareji, bakanike ya saurari inji ya ce ai lafiyarta ƙalau. Washegari ta maimaita. A nan ne kuɗin masu mota ke zurarewa, domin sai a shiga canje-canje a makance: yau fulogi, gobe kwayil, jibi kafireto, daga ƙarshe wani ya ce a sauke inji.

Bari mu ɗauki Land Rover a matsayin misali, wadda aka fara ƙerawa a Solihull ta ƙasar Ingila a 1948. Samfurin Series II na 1958 shi ya zo da injin fetur mai silinda huɗu, lita 2.25, kuma da shi aka ci gaba har Series III da aka ƙera daga 1971 zuwa 1985. Ke nan mafi ƙuruciya a cikinsu ta kai shekara 40. Babu kwamfuta a jikinta da za a jona na'ura ta faɗi abin da ke damunta. Abin da zan faɗa ya shafi Toyota Land Cruiser FJ40 da sauran motocin zamaninsu masu kafireto da kwantak.

Abu na farko: injin da ya cinye daga ciki ba ya warkewa da rana ya sake kwanciya da yamma. Idan zobban fistin sun gaji, raunin yana nan kullum. Saboda haka matsalar da ke zuwa tana tafiya, galibi tana wajen mai ne ko wajen wuta, kuma gyaranta ba ya kai kuɗin buɗe inji. Sanin wurin bugu shi ne ƙira. Shi kuwa sanin yana farawa ne daga tambayoyin da direba kaɗai zai iya amsawa. Yaushe take yi, da sanyin safiya ko bayan inji ya ɗau zafi? A hawan tudu ne ko a hanya mai gargada? Tanki a cike yake ko ya kusa ƙarewa? Bayan ta mutu, nan take take tashi ko sai ta huce?

Yadda ƙarfin ke tafiya ma shaida ne. Ƙarancin mai a hankali yake zuwa: inji ya riƙa laushi yana tari, idan ka sassauta totur ya ɗan farfaɗo, idan ka ja cok ya ƙara ɗan rai. Yankewar wuta kuwa farat ɗaya ce, mota ta fizga, wani lokaci ka ji ƙara kamar ta bindiga a salansa, domin man da bai ƙone ba ya taru ya kama a can.

Idan alama ta nuna mai, fara da abin da ba ya cin ko kwabo. Da zarar ta mutu, buɗe murfin tanki ka kasa kunne. In ka ji iska ta shige da ƙarfi, to ƙaramar kafar da tanki ke shaƙar iska ta toshe. Famfo yana zuƙar mai, iska ba ta maye gurbinsa, har zuƙar ta gagara. Mutane da yawa sun sayi sabon famfo a kan wannan 'yar kafa.

Sai tsatsa. Tankin ƙarfe da ya shekara 40 yana shan fetur na jarka da na bakin hanya ba ya rasa ɓarɓashi a ƙasansa. Bututun da ke ɗauko mai yana da 'yar raga a bakinsa. Idan mota tana gudu, zuƙar famfo sai ta manna ɓarɓashin a ragar, mai ya yanke. Inji na mutuwa zuƙa ta saki, dattin ya koma ƙasa, mota ta tashi kamar ba ita ba. Wannan ne ya sa ciwon ya fi tashi a hanya mai gargada ko idan mai ya yi ƙasa. Masu ƙera motar sun kyauta da suka sa wa famfon mai ɗan kofin gilashi a ƙarƙashinsa. Dube shi: ruwa yana kwanciya a ƙasa da fetur, datti yana bayyana, kumfa kuma tana nuna iska na shiga ta wata kafa, sau da yawa ta gasket ɗin kofin. Tsohon tiyon roba ma yakan ruɓe daga ciki ya manne alhali wajensa sumul. Gwajin da ke raba gardama shi ne a ba famfo mai daga tsaftatacciyar jarka kai tsaye; in ciwon ya ɓace, laifin yana tsakanin tanki da famfo. A yi wannan da hattara, a ɗaure jarkar nesa da salansa da batir, kuma kada a kusanto da sigari.

A watannin zafi na Maris da Afrilu akwai wani abu daban. Mota tana jan jiki a yashi da ƙaramar giya, inji yana aiki tuƙuru, iska ba ta ratsa shi. Fetur ɗin da ke cikin bututu sai ya tafasa ya zama tururi, famfo kuwa ba ya iya tura tururi. Jiƙa tsumma ka ɗora a kan famfo da bututun. In ta tashi nan da nan, ka kama ɓarawon, sai a nisanta bututu daga zafi.

Kafireto shi aka fi ɗora wa laifi, kuma shi ya kamata a taɓa daga baya. Amma Zenith 36IV da ke kan yawancin Series III yana da aibin da aka san shi da shi: fuskar murfinsa takan karkace, zoben robar ciki ya saki, mai ya yi yawa. Alamarsa baƙin hayaƙi da fulogi mai kunkunniya.

A ɓangaren wuta, zafi ne babban mai tona asiri. Kwayil ko kwandansa da suka fara mutuwa suna aiki da sanyi, su gaza da zafi, su dawo bayan sun huce. A lokacin da motar ta tsaya, ba bayan an dawo gida ba, zare wayar tsakiya daga murfin dilko, ka riƙe ta da filaya mai roba kusa da jikin inji, wani ya murɗa makulli. Tartsatsi shuɗi mai ƙara lafiya ne. Ja-ja mai rauni ko babu gaba ɗaya ya nuna hanya. A kula da irin kwayil da ake sayowa: wannan inji yana son na bolt 12 kai tsaye, kuma in aka sa masa wanda aka yi don aiki da abin rage wuta, zai riƙa zafi yana ƙona kwantak. Tazarar bakin kwantak kuwa milimita 0.35 zuwa 0.40 ce, tana kuma raguwa da kanta yayin da ƙafarsa ke cinyewa.

Akwai wata siririyar waya a cikin dilko da ta sha wahalar da ƙwararru. Farantin da kwantak ke zaune a kai yana motsi duk lokacin da aka taka totur, wayar tana lanƙwasuwa tare da shi shekara da shekaru, har ta karye a cikin rigarta ba tare da ido ya gani ba. Ja ta a hankali. In ta miƙe kamar roba, ta tsinke. Haka nan a girgiza wayoyin makunni da wayar da ke haɗa inji da jikin mota yayin da inji ke aiki, a ji ko zai yi tuntuɓe.

Wani lokacin ma injin ba shi da laifi. Birkin da ke kamewa idan ya yi zafi yana cinye ƙarfin mota, kuma kusantar da hannu ga kowace ƙafa zai nuna wadda ta fi zafi. Babban tiyon da ke kawo iska daga matatar iska yakan saɓule daga ciki ya toshe hanya idan inji ya zuƙa da ƙarfi. In kuwa ƙarar inji na hawa amma mota ba ta ƙara gudu, kuloci ne ke zamewa.

Shawarata ga mai irin wannan mota: kada ka yarda a canza abu biyu a lokaci guda, domin in ta warke ba za ka san wanne ne ba, in ta ƙaru ma haka. Kada ka zubar da tsohon kwandansa ko kwantak, don sabon da ke kasuwa ba lallai ya fi shi inganci ba. Sannan ka biya bakanike kuɗin lokacinsa, ya ɗauko kayan aikinsa ya shiga motar, ku bi hanyar da ta saba yin ciwon a daidai lokacin da ta saba yi, ya duba ta tun tana da zafi.