Yadda ake nazarin tsarin sautin Ingilishi a digiri na biyu

Ɗalibin da ya shiga digiri na biyu a wannan fanni, abin da za a fara gyara masa shi ne kunne. Ingilishi na da haruffa 26, amma karin da ake koyarwa a matsayin daidaitacce a Ingila na da ƙwayoyin sauti kimanin 44: baƙaƙe 24, wasula 20. Rubutu ba zai nuna masa su ba, don haka sai ya koyi alamomin ƙungiyar masana furuci ta duniya, wadda aka kafa a Faransa a 1886. Malami zai furta, shi kuma ya rubuta abin da ya ji. Aikin akwai gajiyarwa, amma duk wanda ya tsallake shi zai yi ta tuntuɓe har ƙarshen karatunsa.

Daga nan sai a shiga neman ƙa'ida, kuma a ganina nan ne daɗin karatun yake. Ɗauki kalmomin "pin" da "spin". Sa tafin hannunka gaban bakinka: a furucin Bature, iska na biyo bayan p ta farko, amma ba ta biyo ta biyu. Duk da haka, a kunnensa sauti guda ne, muhalli ne kawai ya sauya masa kama. Haka s ta jam'i: ana jin ta s a "cats", ana jin ta z a "dogs", domin tana bin zizar sautin da ya gabace ta ko rashinta. Yaron Ingila na bin wannan ƙa'ida ba tare da an koya masa ba. Aikin ɗalibi shi ne ya tono ta, ya rubuta ta, ya gwada ta da sabbin kalmomi.

Sai gaɓa. Ingilishi na jera baƙaƙe har uku a farkon kalma, kamar "street", alhali gaɓar Hausa da baƙi ɗaya take farawa. Shi ya sa muka cusa wasali a kalmar "bread" muka ce burodi.

Bayan haka ne ake karanta ra'o'i, tun daga littafin Chomsky da Halle na 1968 har zuwa ra'in Prince da Smolensky na 1993. Ana kuma koyon awo da manhajar Praat, wadda aka ƙirƙira a Jami'ar Amstadam, don a ga tsawon wasali a kan kwamfuta maimakon a dogara da kunne kaɗai.

Ƙarshen tafiyar kundin bincike ne. Munzali Jibril ya rubuta na digirinsa na uku a Jami'ar Lankasta a 1982 kan bambancin furucin Ingilishin Najeriya, kuma filin bai ƙare ba. Idan ka zo wannan mataki, kada ka naɗi muryoyin mutane da niyyar farautar kurakurai. Naɗi hirarsu ta yau da kullum da izininsu, ka auna, ka bayyana tsarin da suke bi.