Ba Zanen Taya Ke Riƙe Jiƙaƙƙen Titi Ba

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, titunan Ingila, Beljiyam da Holan da kyar suke bushewa. Hunturunsu ba irin namu ba ne na ƙura da tsagewar leɓe. Yayyafi ne ba ƙaƙƙautawa, ga sanyi mai shiga ƙashi, rana kuma ta faɗi wajen ƙarfe huɗu na yamma. Duk da haka mutane ba sa jingine keke. Wani da shi yake zuwa aiki, wani yana atisayen tsere, wani yana kai saƙon abinci gida-gida, har da ɗalibanmu da ke karatu can waɗanda suka ga keke ya fi musu araha. Da zarar ganye ya fara zuba, sai maganar taya ta taso a shaguna da wuraren hira, kowa da tasa fatawar. Wasu maganganun gaskiya ne, wasu rabin gaskiya, wasu kuma idan mutum ya bi su, ƙarshenta asibiti da karyayyen ƙashin kafaɗa. Shi ya sa ya kamata a tankaɗe su a rairaye.

Maganar da ta fi yaɗuwa ita ce taya mai sumul, wadda ba ta da zane, ita ke kayar da mutum a ruwa, don haka sai a nemi mai zurfin zane irin ta mota. Wanda ya faɗi haka bai yi wauta ba, domin a mota gaskiya ne. Tayar mota faffaɗa ce, shimfiɗe take zama a kan kwalta, kuma iskar cikinta ba ta da yawa. Idan mota na gudu a kan ruwan da ya kwanta, ruwan ba ya samun lokacin kaucewa, sai ya taru a gaban tayar ya ɗaga ta, direba ya ji sitiyari ya saki. Kwaruruwan da aka yanka a jikin tayar su ne magudanun da ruwan ke bi ya fita.

A 1963, injiniyoyi biyu na hukumar NASA ta Amurka, Walter Horne da Robert Dreher, suka fitar da bincike kan wannan matsala saboda jiragen sama da ke zamewa a jiƙaƙƙen filin sauka. Suka nuna cewa gudun da taya ke fara hawa kan ruwa ya dogara ne a kan ƙarfin iskar da ke cikinta: iska na ƙaruwa, gudun da ake buƙata na ƙaruwa. Idan aka ɗauki lissafinsu aka gwada, tayar mota mai iska 32 a ma'aunin psi za ta fara tashi wajen kilomita 95 a awa, gudun da kowace mota ke yi a babban titi. Tayar keken tsere mai iska 70 kuwa sai ta kusa kilomita 140. Ko gwanayen gasar tseren keke ta Tour de France, a gangaren duwatsun Alps, da kyar suke haura 100. An yi lissafin ne don tayar jirgi, saboda haka ƙiyasi ne idan aka kawo shi kan keke, amma tazarar ta yi nisan da ba sauran gardama.

Akwai kuma siffar tayar kanta. Mutum da kekensa su kai kilo 80, rabi a kan kowace taya, a taya mai iska 70 wurin da ke taɓa ƙasa wajen santimita murabba'i 8 ne kacal. Siriri ne, dogo, mai tsini gaba da baya, yana tsaga ruwa kamar goshin kwalekwale. Ruwan ba shi da wata doguwar tafiya kafin ya kauce. Jobst Brandt, injiniyan da ya wallafa littafin The Bicycle Wheel a 1981, ya daɗe yana wannan bayani, kuma ya yi aiki da kamfanin Avocet wajen fito da tayoyi masu sumul a shekarun 1980. Sheldon Brown, shahararren makanikin keke na jihar Massachusetts da ya rasu a 2008, shi ma a kan haka ya tsaya. Kamfanin Schwalbe na Jamus, wanda sayar da taya ce sana'arsa, ya amince a bayanansa na fasaha cewa a kan lafiyayyar kwalta zane ba ya wani tasiri, ko da ta jiƙe. To me ya sa har yanzu ake yin zanen? Babban dalili shi ne mai saye yana tsoron taya mai sumul, kuma ɗan kasuwa ba ya jayayya da tsoron mai saye.

Inda maganar ke da ƙamshin gaskiya shi ne titin hunturu ba kullum yake kwalta zalla ba. A ƙananan hanyoyin karkarar Ingila, taraktoci na fitowa daga gona su shafe titi da taɓo, ganyen da ya zuba ya ruɓe ya zama caɓi. Duk inda ƙasa ta fi robar taushi, haƙoran taya na nutsewa su kama, a nan zane na da amfani. Wasu masu ƙera taya kuma suna ganin zane mai laushi sosai, irin na fuskar zarto, na taimakawa wajen cizon ƙananan duwatsun kwalta, kuma har yanzu ana muhawara a kai. Amma taya mai manyan haƙora, irin ta hawan dutse, a jiƙaƙƙiyar kwalta cutarwa take yi: haƙoran na lanƙwashewa a kwana, robar da ke taɓa ƙasa kuma ta ragu.

Kada kuma a haɗa taya da aka ƙera sumul da taya da ta suɗe. Wadda ta suɗe robarta ta yi siriri, tsakiyarta ta baje, zarenta na gab da leƙowa. Wannan kam a cire ta kafin sanyi ya shigo. Kamfanin Continental na sa wasu ƙananan ramuka biyu a fuskar tayoyinsa na tsere. Ranar da suka shafe, kwanan tayar ya ƙare.

Abin da ke riƙe keke a jiƙaƙƙen titi shi ne haɗin robar. Kwalta ko da ta yi kama da sumul a ido, cike take da ƙananan tudu da kwari, roba mai taushi ce ke lotsawa ta shiga tsakaninsu. Sanyi yana sandarar da roba, shi ya sa masu mota a Jamus ke sauya taya idan sanyi ya sauko wajen digiri 7. Taya da ke kama ƙasa da kyau a watan Yuli tana iya zama kamar ba ita ba a Janairu. Tun da kamfanin Michelin ya fito da tayar mota mai haɗin sinadarin silika a 1992, masu ƙera taya suka samu hanyar ƙara riƙo a ruwa ba tare da tayar ta yi nauyin gungurawa ba, kuma dabarar ta iso tayoyin keke. Matsalar ita ce ba a ganin haɗin roba da ido, zane ake gani, sai hankalin mai saye ya tafi can.

Daga nan ne magana ta biyu ke shigowa, wai tayar hunturu ita ce wadda ta fi kowace tauri. Tushen maganar gaskiya ne: taya ta fi yin faci a lokacin ruwa, kuma ba camfi ba ne. Ruwan sama na kwaso tsakuwa da fasassun kwalabe ya tara su a gefen titi, daidai inda mai keke ke bi. Jiƙaƙƙiyar taya na manne su, su yi ta zagayawa da ita, kowane zagaye suna ƙara nutsewa. Ruwa kuma na sa abu mai kaifi ya ratsa roba cikin sauƙi. Duk wanda ya taɓa yanka roba da jiƙaƙƙiyar wuƙa ya san haka. A kudancin Ingila, yankunan Chilterns da South Downs cike suke da dutsen ƙyastu mai kaifin reza. Ga kuma manoma da doka ta hana su aske shingayen itatuwa daga Maris zuwa ƙarshen Agusta saboda tsuntsaye masu sheƙa, sai su yi askin a kaka da hunturu, titi ya cika da ƙaya. Yin faci a bakin hanya da yatsun da sanyi ya kashe azaba ce da ba wanda ke son maimaitawa.

Sai dai kowane sulke da farashinsa. Tayar Schwalbe Marathon Plus na da shimfiɗar kariya mai kaurin milimita 5 a ƙarƙashin robarta, kusan ba abin da ke huda ta, amma nauyinta ya haura giram 700, alhali tayar tsere ba ta kai 300 ba. Taya mai kauri ba ta lanƙwasa ta bi yanayin titi, kuma robar da aka yi don ta daɗe galibi tauri gare ta. A ganina, mai kai saƙo a cikin gari, wanda ke tafiya a hankali cikin fasassun kwalabe kuma kowane faci asarar kuɗi ce gare shi, yana da hujjar sayen irin wannan. Amma mai gangarowa da gudu a hanyoyin karkara ya nemi ta tsakiya, irin su Continental Grand Prix 4-Season mai shimfiɗa biyu ta zaren Vectran, ko Pirelli Cinturato Velo. Faci na cin minti goma ne, karayar kafaɗa kuwa makonni.

Magana ta uku ta samo asali daga tsofaffin 'yan tsere: a sa siririyar taya, a bunƙara mata iska, ta fi tsaga ruwa kuma ta fi gudu. An yi zamanin da taya mai faɗin milimita 23 da iska sama da 100 su ne ado. Yanzu an gane cewa taya mai tauri haka tsalle take yi a kan gargajen titi, kuma a duk ɗan lokacin da ta tashi, ba ta riƙe da komai. Faffaɗar taya mai sassaucin iska na kwantawa ta bi titi. A ranar 3 ga Oktoban 2021 aka yi tseren Paris-Roubaix na arewacin Faransa cikin ruwa da taɓo, karo na farko tun 2002, a kan tsofaffin hanyoyin da aka daɓe da duwatsu. Sonny Colbrelli ɗan Italiya ya yi nasara, kwana ɗaya bayan Lizzie Deignan 'yar Ingila ta lashe na mata na farko a tarihi. Dukansu biyu a kan faffaɗan tayoyi marasa tiyub suka ci, da iska ƙasa sosai da abin da magabatansu za su yarda da shi.

Ga mai hawa na yau da kullum, milimita 28 zuwa 32 ta fi dacewa da hunturu, muddin jikin keken ya ba da fili, musamman idan an ɗaura abin tare feshin taɓo a saman tayoyin. Tsofaffin kekunan tsere masu birkin matse rim, wato da'irar da taya ke zama a kai, da yawa ba sa karɓar fiye da 25 ko 28, a duba kafin a kashe kuɗi. Lambar iska da ke rubuce a gefen taya iyaka ce, ba umarni ba, kuma sababbin rim marasa ƙugiyar baki an kayyade musu psi 72.5, wuce haka na iya fitar da taya daga rim. Ranar ruwa a rage biyar zuwa goma daga abin da aka saba. Idan aka rage fiye da kima kuma, tiyub zai matse tsakanin rim da bakin rami ya huje wuri biyu. A tuna sanyi ma na rage iska da kansa: taya da aka ba 60 a ɗaki mai digiri 20, idan ta fita waje mai digiri sifili za ta sauko wajen 55.

Taya marar tiyub, wadda ake zuba wa ruwan liƙe huji, ana cewa ba ta yin faci. Tana yi, sai dai ƙananan hujin ƙaya da tsakuwa na toshewa da kansu, wani lokaci mai keken bai ma sani ba. Babbar yanka kuwa sai an cusa mata toshi ko an sa tiyub, ruwan kuma na bushewa bayan 'yan watanni, sai an ƙara. Cewa sabuwar taya na da santsi a kwanakin farko gaskiya ne, saboda abin da ya rage a jikinta daga masana'anta. Haka ma shawarar sa wadda ta fi kyau a gaba: tayar baya idan ta zame ana iya cetowa, ta gaba kuwa kafin ka ankara kana ƙasa.

Akwai wuraren da ba tayar da za ta ceci mutum, kuma a nan ne kalmar "ta hunturu" da ke jikin kwali ke yaudarar mutane. Farin fentin titi, murfin ƙarfe na magudanar ruwa, layin taragon cikin gari a Amsterdam, Edinburgh ko Manchester, da man dizal da ya zuba a shataletale, duk babu gargajen da roba za ta kama. Ruwan farko bayan kwanakin fari shi ma haka, domin yana taso da man da ya daɗe kwance a kwalta. 'Yan acaɓan Kano da Kaduna sun san wannan santsin na farkon damina sarai. A irin waɗannan wurare dabarar ita ce a rage gudu tun kafin a iso, a miƙe keken, a saki birki a kansu, layin tarago kuma a tsallaka shi a gicciye, kada a bi tsawonsa.

Ƙanƙara kuwa wani babi ne. Mafi haɗari ita ce siririyar nan da ke daskarewa a kan kwalta da asuba, wadda ido ke ɗauka jiƙa ce kawai. Ta fi samuwa a kan gadoji da inuwar itatuwa da ƙananan hanyoyin da motocin barbaɗa gishiri ba sa bi. Babu haɗin robar da ke kama ta. Abin da ke kama ta ƙusoshin ƙarfe ne da ake dasawa a jikin taya, irin waɗanda ake sa wa keke a ƙasar Finland, inda yaran birnin Oulu ke zuwa makaranta a kan keke cikin dusar ƙanƙara. Irin waɗannan tayoyi suna farawa ne daga faɗin milimita 30, saboda haka ba sa shiga kekunan tsere da yawa, suna da nauyi da ƙara a kan busasshiyar kwalta, kuma Schwalbe na ba da shawarar a yi musu tafiyar kilomita 40 a hankali kafin ƙusoshin su zauna. Wanda kekensa bai karɓe su ba, idan hasashen yanayi ya ce daren zai kai sifili, ya jira rana ta ɗaga ko ya hau bas. Ƙungiyoyin masu keke da yawa a Ingila haka suke yi, suna ɗage fitar safiyar Lahadi ko su soke ta ɗungurungum.